Kafin ka huda akwatin iska: nasiha ga samarin babur na Arewa

Ƙannena masu kabu-kabu, da ku yaran gareji da ke koyon kwance inji a Dogon Dutsi, Matankari, Kore Mai Ruwa da Tibiri, da ku nake. Maganar da zan yi da ku a kan wani ɗan baƙin akwatin roba ce da ke ƙarƙashin sirdin babur, wanda da yawanku kuka ɗauka ba ya tsinana komai sai tare hanya. Wani ya huda shi da jan ƙarfe, wani ya yanke bututun da ke kansa, wani ma ya cire shi ɗungurungum ya ɗaura tsohuwar safa a bakin kafireto. Hujjar kowa ɗaya ce: wai a bar inji ya sha iska, ya ƙara gudu, ya yi ƙara a ji shi tun daga nesa. Ba a daɗewa sai ka tarar da babur ɗin a jingine an sauke injinsa, mai shi yana ɗora laifi a kan maƙerin da ya yi shi. Abin yana ci mini rai, don na san kuɗin fistin da ringi daga bakin iyali ake cire shi.

Ku fara sanin wannan: abin da inji ya fi sha iska ce, mai ɗan kaɗan ne. Kafin lita ɗaya ta isansi ta ƙone sarai, sai ta samu iska wajen lita 9,000 zuwa 10,000. Idan da nauyi aka auna, kashi 14.7 na iska ne ke ƙone kashi 1 na mai ba tare da wani ya yi saura ba. Lokacin da inji ke aikin ƙarfi kuwa, ya fi son man ya ɗan ɗara haka, wato wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska ga kashi 1 na mai. Wannan ɗan rarar ba ɓarna ba ce. Man da ya yi saura yana zama tururi ya sanyaya kan fistin da bakin bawul daga ciki. Baburanmu ba su da lagireto, iskar hanya da wannan rarar man suna cikin abin da ke tsaye tsakanin inji da ƙonewa.

Kafireto shi ne mai awon nan, kuma ba famfo gare shi ba, ba ƙwaƙwalwa ba. Maƙogwaro ne mai ƙunci a tsakiya. Idan fistin ya ja iska ta ratsa wurin ƙuncin, sai ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo mai daga kwanon da ke ƙasa ta wani ɗan ramin tagulla da ake kira jet, wanda makanikanmu suka fi sani da jikiler. Wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ne ya bayyana wannan hali na abu mai gudana tun 1797. Abin lura shi ne, ƙarfin zuƙon ya dogara har da wahalar da iska ke sha kafin ta iso. Masu ƙera babur sun zaɓi girman ramin jet ne da akwatin iska a rufe, da sosonsa a ciki, da bututunsa yadda yake. Ranar da ka huda akwatin, iska ta samu hanya mai sauƙi, tana shiga da yawa, zuƙon man kuma ya yi rauni. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru da ita ba. Awon ya karye ke nan, kai kuwa kana jin daɗin sabuwar ƙara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga abin da zuga ke yi. Gawayin bai ƙaru ba, iska kawai aka ƙara masa, amma wutar da ɗazu ba ta wuce gasa masara ba ta koma mai lanƙwasa ƙarfe. Haka cikin injin da iska ta yi wa yawa yake. Buji ya yi fari fat. Bututun salansa ya sauya launi daga wuyansa. Ka saki totur a gangare ka ji salansa tana tartsatsi tana harbi. Ka tsaya, inji ya ƙi sauka silo da wuri, ya rataye sama na ɗan lokaci. Ka murɗa totur farat ɗaya, ya shaƙe kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Idan ka ɗora masa kaya a hawa, sai ka ji wata ƴar ƙarar ƙarfe daga cikinsa, ƙal-ƙal-ƙal: man ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba yana dukan kan fistin. Ƙarshen wannan hanya bawul ne ya ƙone, ko fistin ya kumbura ya cije a cikin silinda, ko ya huje.

Hanyoyinmu kuma ba masu tausayin irin wannan inji ba ne. A kan kwaltar da ta taso daga Dosso ta ratsa Dutsi ta nufi Dankasari da Birnin Konni, babur yana gudu, iska tana bugun haƙarƙarin silinda, yana iya ɓoye ciwonsa. Sauka daga kwalta ka shiga rairayin Dallol Mauri da buhun gero biyu da fasinja, ko ka kama hanyar Bagaji da Lugu da tsakar rana. Giya ta ɗaya ko ta biyu, totur a murɗe, tafiya kamar ta ƙafa. Inji yana iyakar aikinsa, iskar da za ta sanyaya shi kuma babu. A irin wurin nan ne injin da aka rage wa mai yake mutuwa, nesa da gari, nesa da ruwa.

Akwai wata al'adar da ke haɗuwa da huda akwati su zama guba biyu a ƙoƙo ɗaya, ita ce rage shan mai. Na san inda ta samo asali, kuma ba na ganin wautar mai neman sauƙi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya, ruwa-ruwa, wato man kwalba da ke tsallako mana iyaka daga Kabi da Sakkwato, ya daina arahar da muka saba da ita. Ko da aka rage kuɗin lita a gidajen man ƙasarmu daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, mun ga layukan da aka yi lokacin ƙarancin mai na Maris 2025. Ɗan kabu-kabu da kowace lita ke fita daga cinikinsa dole ya yi tunani. Sai ya je gareji ya ce a rage masa shan mai. Wani makaniken ya sauke allurar kafireto har ƙasa, wani ya zaro silin waya ɗaya daga tsohon kebul ya zura a ramin jet don ya ƙuntata shi. A kan babur mai akwati lafiyayye ma wannan kasada ce. A kan wanda aka riga aka huda kuwa, an ƙara iska ta gaba, an toshe mai ta baya. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Abin da aka tara na kuɗin mai a watanni, sauke inji sau ɗaya ya haɗiye shi har da ƙari, ga kwanakin zaman banza da ba a fita aiki ba.

Duk wannan ma ban taɓo ƙura ba, ita ce kuwa babbar abokiyar gabar inji a ƙasarmu. Rairayi mafi yawansa ƙwayar dutse ce da ta fi ƙarfen silinda da ringi tauri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kwaso mana wata ƙurar mai laushi tun daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, irin wadda ke shiga ɗaki ko an rufe ƙofa. Ka tuna lita dubban da na ambata: duk ƙurar da ke cikinsu, idan soso bai tare ta ba, cikin silinda za ta, ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ƙarfe a kowane hawa da saukar fistin. Safa ko ƙyalle ba ya tare ta. Ƙaramin matacin nan mai siffar mazurari da ake sayarwa, wanda ake ɗaurawa tsirara a bakin kafireto, an yi shi ne don hanyoyin da ba su san hunturu ba. Da damina kuma ramukan da ka huda ƙofa ce ga ruwa. Ka tsallaka ƙorama bayan ruwan Agusta, inji ya zuƙi ruwa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe nan take.

Injin da yawancinmu ke hawa yana da tarihin da ya kamata ku sani. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya da Pakistan, su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Sun tarar ana ɗora masa mutane da kaya fiye da kima, ba a canza baƙin mai sai ya yi kauri, matacin iska na takarda kuma ya toshe da ƙura ya sandare. Daga abin da suka gani suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975 da matacin soso da ake wankewa a mayar. Baburan China masu yawa da ke kan hanyoyinmu yau, tsarin injinsu daga wannan aka kwaikwayo shi. Ma'ana, akwatin da kake hudawa da ƙusa an yi shi ne musamman don ƙasa mai ƙura da mutane masu aiki irinmu.

Hukuncina a fili yake. Ga wanda babur ɗinsa na neman abinci ne, a bar akwatin iska yadda maƙera suka yi shi, wanda ya riga ya huda kuma ya toshe ko ya nemi wani. Injin 125 irin na CG ƙarfinsa bai wuce doki 10 zuwa 11 ba. Ko an yi gyaran daidai, abin da za a samu ɗan kaɗan ne da ba zai sauya kuɗin fasinja ba. Ƙara ce ke yaudarar kunne har mutum ya rantse gudu ya ƙaru. Yawancin baburan da ake cewa ba sa shan iska, sosonsu ne ya toshe. A wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai, a shafa masa baƙin mai mai tsabta, a matse shi a tafin hannu ba tare da murɗewa ba, a shafa ɗan giris a bakin da yake zama. In na takarda ne, ba a wanke shi, ba a sa masa mai, sai dai a kakkaɓe a hankali, in ya gaji a canza. Ka cire soso ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayansa. In yatsan ya fito da ƙura, to tana shiga injinka ta wani wuri, ka nemo wurin.

Amma na san akwai waɗanda dole ta sa su: akwati ya fashe an sa na wani babur, an canza salansa, an ƙara faɗin silinda, ko an sa kafireton da ba na injin ba. Akwai kuma yaran gareji da za a kawo musu irin wannan aiki ko sun so ko ba su so ba. Ku ne nake so ku iya saiti da ilimi.

Kada ka taɓa jet sai ka tabbatar sauran abubuwa lafiya suke. Wanke kafireto, duba tsayin man da ke cikin kwano, duba robar da ta haɗa kafireto da inji, don zafinmu yana tsattsaga ta, iska ta riƙa satar hanya ta wurin. Saita bawul, sa buji mai kyau, zuba mai mai tsabta wanda aka tace. Mutum yana iya kwana yana canza jet alhali ƙwayar rairayi ɗaya ce daga kwalbar ruwa-ruwa ta toshe masa ƙaramin rami.

Sannan ka gane cewa kafireto ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Daga silo zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jet da sukurun saitinsa ne ke ba da mai. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet ne. Don haka ka sa alama da alli ko salatif a hannun totur, ka raba shi huɗu. Idan babur ya yi gardama, tambayar ita ce ina totur yake a lokacin, ba nawa allurar gudu ta nuna ba. Wannan kaɗai zai raba ka da masu lalube. Gwaji mafi sauƙi kuma shi ne ka liƙe rabin ramukan da aka huda da salatif, ko ka ɗan ja cok bayan inji ya yi zafi. In ya ƙara lafiya, mai ne ya yi masa kaɗan. In ya ƙara shaƙewa, yana fitar da baƙin hayaƙi mai warin isansi, buji ya yi baƙi da toka, to mai ya yi yawa.

Fara da babban jet, kuma ka fara daga sama ka sauko. Man da ya yi yawa buji zai ɓata maka, wanda ya yi kaɗan inji zai ci. A kafireton Keihin da na China da suka kwaikwaye shi, lambar da ke jikin jet faɗin raminsa take nunawa: 95 na nufin kusan milimita 0.95. Na Mikuni irin wanda ke kan babur ɗin DT 125, lambarsa lissafin yawan man da ke ratsawa ce, don haka ba a kwatanta lambar wannan da ta wancan. Ku kuma guji buɗa rami da allurar ɗinki ko ƙusa. Faɗin fili yana ƙaruwa fiye da yadda ido ke zato. Daga 95 zuwa 98 man ya ƙaru da wajen kashi 6 cikin 100, daga 95 zuwa 105 kuwa ya haura kashi 20 cikin 100. Hannu ba zai iya auna wannan ba, ramin da aka ƙwaƙule kuma ba ya komawa. Tara jet masu lamba daban-daban a ƴar kwalba, su ne jarinka.

Gwajin babban jet a hanya ake yinsa, bayan inji ya yi zafi sosai. Nemi wuri miƙaƙƙe mai ɗan hawa, inda babu manyan motoci, babu garke, babu yara, ka sa hular kwano. A babbar giya, murɗe totur duka, sannan ka ɗan sassauta shi kaɗan. In ka ji babur ya ƙara ja da ka sassauta, jet ya yi ƙanƙanta. In a murɗe yana kakari yana tsinkewa, ya yi girma. Ka tabbatar da buji: riƙe totur a murɗe na ɗan lokaci, kama kuloci ka kashe inji a tare, ka gangara ka tsaya, ka kwance buji ka leƙa har gindin farin tangaran ɗin. Ruwan ƙasa mai haske ake nema. Kada ka bar shi ya yi silo kafin ka duba, don silo zai shafe shaidar.

Bayan haka sai allura. Yawanci tana da tsaga biyar, wasu kuma ɗaya tak. A nan yara da yawa ke rikicewa: idan ka sauke ɗan zoben da ke riƙe ta zuwa tsagar ƙasa, allurar ce ke ɗagawa sama, mai ya ƙaru. Ka hau da zoben, allura ta nutse, mai ya ragu. Tsaga ɗaya ake matsawa, a hau a gwada a tsakiyar totur.

Na ƙarshe sukurun silo. Duba inda yake. In yana gefen inji, na mai ne, kwance shi yana ƙara mai. Haka yake a yawancin baburan da ke da inji irin na CG. In yana gefen akwatin iska, kamar na DT, na iska ne, kwance shi yana rage ƙarfin mai. Ɗaure shi a hankali har ya zauna, ba da ƙarfi ba don bakinsa siriri ne, sannan ka kwance juyi ɗaya da rabi, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har ka samu inda inji ya fi sakin murya, ka daidaita silo. In sukurun mai ya nemi wuce juyi uku, ko na iska ya nemi kasa juyi ɗaya, ƙaramin jet ne ya yi kaɗan. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, kuma a rubuta. Littafin ɗan makaranta ya isa: irin babur, lambar jet, tsagar allura, juyin sukuru, watan da aka yi aikin.

Watan yana da muhimmanci. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin safiyar Janairu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 43, bambancin nauyin iska ya kai wajen kashi 9 cikin 100, wato ya fi tazarar jet ɗaya. Babur ɗin da aka saita a bakin gaɓa da bazara, idan ɗari ya shigo zai koma mai ƙarancin mai, a daidai lokacin da ƙura ta fi yawa. Saitin kamfani yana da rarar da ke ɗaukar wannan sauyi. Naka ma ka bar masa rara.

Masu DT 125, wanda malaman gona da na asibiti da ma'aikatan ayyukan raya karkara suka daɗe suna ratsa ƙauyukanmu da shi, ku ninka hattara. Injinsa mai bugu biyu ne, yana saurin hujewa idan mai ya yi kaɗan. Da yawa an cire musu famfon baƙin mai, ana zuba shi kai tsaye a tanki. A irin wannan, duk abin da ke shafa wa fistin mai ta ramin jet yake bi. Ka ƙuntata jet, ka rage abinci da man shafawa a lokaci ɗaya.

Wasu za su ce kafireto ya kusa zama tarihi. Gaskiya ne tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta tura yawancin sababbin baburan can zuwa tsarin fesa mai da ƙaramar kwamfuta, kuma sannu a hankali za su iso mu. Amma kwamfutar ma awon iska da mai take yi, ƙura kuma tana cin silindarta kamar yadda take cin ta yau. Yaron da ya fahimci awon nan tun yanzu, ko a gareji ko a cibiyar koyon sana'a, shi ne zai gyara na gobe.

Sauran magana ta amana ce. Da yawanku babur ɗin da kuke hawa na wani ne, na mahaifi, na yaya, ko na maigidan da kuke kai wa kuɗi kowace yamma. Huda akwatinsa ba da saninsa ba cin amana ne, ko da ba wanda ya gani. Kai kuma ɗan gareji, wanda ya kawo maka babur ya ce a rage shan mai bai san abin da ke faruwa a cikin silinda ba, kai ka sani. Ka gaya masa gaskiya: a wanke soso, a saita bawul, a hura taya daidai, a ja sarƙa a sa mata mai, a rage fizgar totur, man zai ragu ba tare da an zura waya ba. In ya nace sai an yi abin da zai kashe injinsa, ka ba shi haƙuri ka mayar masa da makullinsa. Ina roƙonku, yau kafin ku fita aiki, kowa ya ɗaga sirdinsa ya duba sosonsa, wanda ya huda kuma ya toshe ramukan kafin hunturu ya kama.